Faifai, Buhu Da Gawo: Inda Manyan Masu Fasahar Duniya Ke Samo Salonsu

Idan akwai naira ashirin a aljihunka, ciro ta ka juya bayanta. E, mun sani, yanzu ko ruwan leda da ƙyar take saye, amma dai duba. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga ƙauyen Kwali. Ba ta yi karatun boko ba. A hannun gwaggonta ta koyi gina randa da tulu. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya riƙa tara tukwanenta a fada, a can wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Daga baya ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Fasahar gasa tukwane ta zamani ta koya, amma siffar randar ƙauyensu da zanen da ake tsagawa a jikinta ba ta taɓa yar da su ba. Su ne ma suka fito da ita.

Labarin Ladi ba shi kaɗai ba ne. Idan ka bi diddigin manyan masu fasaha da duniya ke ji da su yau, za ka tarar da yawansu daga gida suka samo abin da suka yi suna da shi, daga kayan da kowa ke gani kullum har ya daina ganinsu. Wannan magana ta shafe mu, musamman mu da muka fito daga garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, inda da ka ce za ka karanta zane sai a tambaye ka, “To, in ka gama, allon shago za ka riƙa rubutawa?”

Kafin mu yi nisa, a sani cewa abin da ake kira fasahar zamani ya wuce shafa fenti a takarda. Ya haɗa da sassaƙa, ƙira, ɗinki, saƙa, ɗaukar hoto, bidiyo, har da jera kaya a cikin ɗaki ko a jikin gini don su isar da wata magana. Kuma in kana son gane aikin kowane gwani, tambayoyi uku za ka yi: a ina ya tashi, me ke ci masa tuwo a ƙwarya, kuma da wane kaya yake aiki?

Ɗan malam da ya koma ga allo

Ibrahim El-Salahi an haife shi a 1930 a Umdurman ta ƙasar Sudan. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, saboda haka da tawada da alƙalami ya buɗe ido. A tsakiyar shekarun 1950 ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya ƙware a zane irin na Turawa. Da ya dawo gida ya baje kolin aikinsa a Hartum, sai mutane suka zo ranar buɗewa, aka sha lemo, aka watse, ba su ƙara leƙowa ba. Abin ya dame shi. Sai ya shiga gidajen mutane yana duba abin da suke ƙawata ɗakunansu da shi: rubutun Larabci, adon fata, launukan faifai da kwando. Daga nan ya koma ga haruffan da ya koya a gaban mahaifinsa, ya riƙa ja musu wutsiya, yana lanƙwasa su, yana duba sararin da ke tsakaninsu, har sababbin siffofi suka ɓullo. Wannan salo ya zama ginshiƙin abin da ake kira makarantar Hartum.

A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar na fiye da wata shida ba tare da shari'a ba. An hana fursunoni takarda da alƙalami, sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin yashi. Bayan an sake shi, wannan dabara ta zama salonsa: ya fara da ƙaramar takarda ɗaya, ya yi ta ƙara wasu a gefenta har hoton ya cika bango.

Ga wani abin da zai ba ka sha'awa. Ɗaya daga cikin jerin ayyukansa mafi shahara a kan wata bishiya ya yi shi, wadda 'yan Sudan ke kira haraz. Ka san ta? Gawo ne. Gawon nan da ke tsaye a gonakinmu, mai kakkaɓe ganye da damina ya yi kore shar da rani. Wannan saɓa wa sauran itatuwa da gawo ke yi shi ya burge shi. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya ware masa babban baje koli na ayyukan rayuwarsa, karo na farko da suka yi wa ɗan Afirka haka.

Waɗanda suka mai da bola dukiya

El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a 1944 a garin Anyako, cikin dangin masaƙa. Ya zo Najeriya a 1975 ya koyar a Jami'ar Nsukka fiye da shekara 30. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu cike da murafan kwalaben barasa da aka zubar. Ya kwashe ya ajiye. Daga baya ya gwada buɗe murafan, ya daddaƙe su suka yi fale-fale, ya huhhuda, ya ɗinke su da siririyar wayar tagulla. Abin da ya fito ya yi kama da ƙaton zane na ƙarfe mai ƙyalli, wanda ake iya naɗewa kamar bargo. Aiki ɗaya kan ci murafai dubbai, shi ya sa yake ɗaukar matasa da yawa aiki, kowa na haɗa ƙananan yanka, shi kuma yana shimfiɗa su a ƙasa yana jujjuyawa har tsarin ya yi masa.

Me ya sa murfin barasa? Saboda barasa na cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musayarsu, har da bayi. Ashe ke nan murfin na ɗauke da tarihi, ɗinkin kuma na tuna saƙar gidansu. Ya yi aiki da murafan gwangwanin madara da tsofaffin magogin rogo su ma. A 2015 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, kuma an sayar da wasu ayyukansa a gwanjo a kan fiye da dala miliyan ɗaya.

Ibrahim Mahama kuwa sa'an yayyenmu ne, an haife shi a 1987 a Tamale, arewacin Gana. Shi buhu ya kama. Buhunan algarara da ake saƙawa a Kudancin Asiya, a shigo da su Gana don zuba koko, in sun tsufa 'yan kasuwa su saye su zuba masara ko gawayi. Kowane buhu na ɗauke da tambari, da sunan ɗan kasuwa, da faci, da baƙin gawayi, da zufar 'yan dako. Yakan ba da sababbi a ba shi tsofaffi, a ɗinke su da yawan gaske a lulluɓe manyan gine-gine da su. Da haka ya yi suna a Benis a 2015. A 2024 ya rufe wani sashe na ginin Barbican a Landan da ƙyalle saƙar hannu mai faɗin murabba'in mita kusan 2,000, wanda ɗaruruwan mutane suka ɗinka a filin ƙwallon Tamale, aka liƙa masa tsofaffin rigunan saƙi na mutanen arewacin ƙasar. Maganarsa ita ce, a dubi talakan da ke ɗaukar nauyin kasuwancin duniya a ka, ba a ko san sunansa. Kuɗin da ya samu bai gudu da su Turai ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale, ya kuma sayi tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajujuwan yara.

Likita da maganaɗisu, da faifai mai ma'ana biyu

'Yan sashen kimiyya da injiniya, kada ku ce ba da ku ake ba. Ahmed Mater na Saudiyya, haifaffen 1979, cikakken likita ne da ya yi karatu a Abha. Mahaifiyarsa na cikin matan yankin Asir masu yi wa bangon ɗaki ado da launuka, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2017. Shi kuma ya ɗauki hotunan ƙirji da ake ɗauka a asibiti, ya kewaye su da irin zayyanar da ake yi wa shafin farko na tsofaffin littattafai. Aikinsa da ya fi yawo a duniya kuwa ƙarami ne ƙwarai: baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu a tsakiyar farar takarda, ya barbaɗa garin ƙarfe kewaye da shi. Garin ya jeru da'ira-da'ira, duk wanda ya kalla sai ya ga Ka'aba da masu ɗawafi. Gwajin da muka yi a ajin kimiyya tun muna sakandare ne, shi dai ya ga abin da ba mu gani ba. An nuna shi a babban gidan tarihi na Birtaniya a 2012, a baje kolin da aka yi kan aikin Hajji.

Mu dawo gida. Fatimah Tuggar an haife ta a Kaduna a 1967, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Yale ta Amurka a 1995. Da kwamfuta take aiki. Takan ɗauki hotunan matan Arewa suna hidimar gida, ta haɗa su da hotunan tallar na'urori na Turai, don a tambayi kai: wa ake ƙera wa fasaha, kuma wa ya ce turmi da taɓarya ba fasaha ba ne? A 2010 ta yi wani aiki da ta kira Fai-fain Gramophone. Kun san a Hausa faifai suna ne na abin rufe ƙwarya, kuma suna ne na faifan garmaho. Sai ta ɗora faifan kaba mai launi a kan na'ura yana juyawa kamar na waƙa, muryar Barmani Coge ta Funtuwa na tashi. Wanda bai ji Hausa ba ba zai taɓa ƙirƙiro wannan aiki ba, don a cikin harshen dabarar take.

Can nesa ma haka abin yake

Yayoi Kusama ta Japan, haifaffiyar 1929, a gidan masu renon tsirrai da sayar da iri ta tashi. Tun tana yarinya take fama da lalurar ganin ɗige-ɗige suna rufe komai. Maimakon ta ɓoye, sai ta mai da ɗigon ya zama tambarinta, ta haɗa shi da kabewar da ta saba gani a gonar gidansu. Tun 1977 take zaune a wani asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Tokyo bisa zaɓin kanta, ta yi shekaru tana fita wurin aikinta da ke kusa, kuma mutane na yin dogon layi don ganin ayyukanta. A Ostireliya kuwa, Emily Kame Kngwarreye, tsohuwa daga cikin 'yan asalin ƙasar, ta haura shekara 70 kafin ta fara zane da fenti a kan ƙyalle wajen 1988. Kafin rasuwarta a 1996 ta yi zane kusan 3,000, kuma kusan duk a kan abu guda: ƙasar kakanninta da jijiyoyin wata doyar daji da ke fita a can.

Yadda salo ke samuwa

Idan ka jera waɗannan mutane, za ka ga hanyar kusan ɗaya ce. Da farko kowannensu ya san wani abu ciki da bai, ko haruffa, ko saƙa, ko buhu, ko gonar gida. Na biyu, ya koyi wata dabara ta daban, a makaranta ko a wurin aiki. Na uku, akwai wata magana da ke cin sa. Salo na fitowa ne a inda ukun nan suka haɗu, bayan an yi shekaru ana gwaji ana ɓatawa. Anatsui ya haura shekara 50 kafin ya tsinci murafan nan.

Wannan fahimta ma a Arewa aka fara rubuta ta a Najeriya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ce za su karɓi dabarun da malamansu Turawa ke koya musu, amma kowa zai koma garinsu ya nemo abin da zai zuba a ciki. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ɗalibai ne kamarmu, kuma yau ba a ba da tarihin zanen Najeriya a tsallake su.

To, mu fa?

Ka hau mota daga Sakkwato ka bi hanyar Jega, ta Boɗinga da Shagari, ka buɗe ido da kyau. Ga ruhewar laka a bakin ƙauyuka, mai tumbi da hular ciyawa, wadda maginin ya ɗaga da hannu ba gwangwani ba ma'auni. Ga gawon El-Salahi a gonaki. Ranar kasuwa, ko a Dingyaɗi ko Kajiji ko Dandin Mahe, ga tabarmi, faya-fayai, sassaƙaƙƙun ƙorai, linzami da kube. A gida ga allon zayyana na ranar sauka, ga aska takwas a ƙirjin babbar rigar kaka, ga ƙunshin da ƙannenmu mata ke zanawa ba tare da sun taɓa shiga ajin zane ba.

Ga kuma gadon alƙalami. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga. A wancan zamani da hannu ake kwafe kowane littafi, da tawadar ƙaro da alƙalamin kara, a naɗe shi cikin gafakar fata. A Shagari kuwa, Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya rubuta Waƙar Nijeriya don ɗalibai su san ƙasarsu a harshensu. Shi ma dabarar nan ce: ilmin boko a cikin ƙwaryar gida.

Abin tsoron shi ne, in ba mu ɗauki kayanmu da daraja ba, wani zai ɗauka, kuma sunansa za a sa. An taɓa yi mana. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ta yi ɗaruruwan shekaru ana ƙetare Sahara da ita. Turawa a tashoshin Arewacin Afirka suke sayenta, sai suka sa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Aikin namu, sunan na wani. Yau kuma roba da leda na korar ƙwarya da faifai, dattawan da suka iya aikin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ɗiyansu sun koma acaba. Duk zanen da ya tafi kabari da mai shi, ya tafi ke nan.

Tambayoyi biyu da ba a rasa yi

Ta farko ita ce ta addini. Malamai sun yi bayani a kan zana abu mai rai, kuma wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa, wannan ba hurumin mujalla ba ne. Abin lura kawai shi ne, babu mutum ko dabba a buhunan Mahama, ko murafan Anatsui, ko maganaɗisun Mater. Rubutu, zayyana, saƙa, rini da gini fili ne mai faɗi, kuma musulmi sun fi shekara dubu suna taka rawa a cikinsa.

Ta biyu ita ce ta abinci. Gaskiya ɗaya ce: masu sayar da aiki a kan miliyoyin daloli 'yan ƙalilan ne, akasarin masu fasaha a ko'ina suna haɗawa da koyarwa ko wata sana'a. Amma idon da ya iya gani yana da kasuwa a wurare da yawa, daga tsara gini da adon cikin gida zuwa ɗinki, takalma, jakunkuna, bangon littafi, tambarin kamfani da shirya dandalin fim. Sai dai a kula, manna dagin Arewa a jikin kowane abu ba shi ne fasaha ba. Mahama bai tsaya ga cewa buhu na da kyau ba, sai da ya bi ya san inda aka saƙa shi da wanda ya ɗauke shi a ka.

Abin yi a hutun nan

Wayar da ke hannunka ta isa a fara. In ka je gida, zaɓi sana'a ɗaya. Nemi dattijo ko dattijuwar da ta fi kowa iyawa, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto. Tambayi sunan kowane zane, da kayan aikin, da wanda ya koya musu. Rubuta sunan mai aikin da garinsu a jikin kowane hoto, in da hali ka sayi abu ɗaya a farashin da suka faɗa, ban da ja-in-ja. Sannan ka dawo da shi sashenku ka tambayi kanka me karatunka zai iya yi da shi. Ɗan sashen gine-gine ya auna ruhewa ya gano dalilin da hatsi ke daɗewa a cikinta. Ɗan kwamfuta ya tattara zanen huluna da na allon zayyana a rumbu ɗaya da sunayensu. Mai walda ya gwada fitar da aska takwas a jikin ƙofar ƙarfe. 'Yar sashen kimiyya ta gwada ƙarfin rinin karan dafi a kan yadi. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa aikin kammala karatu, kuma ya fi wanda ake kwafowa daga intanet a canza suna.

Ƙungiyar ɗalibai ma na da rawar takawa. Ɗaki ɗaya da kwana uku a makon al'adu sun isa a baje abin da aka samo, a gayyato su masu sana'ar a zaunar da su a kujerun gaba. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to tamu na nan cikin tulu a Boɗinga da Shagari. Allah Ya ba mu idon gani, Ya sa albarka a karatunmu.